Malama Ba Ta da Mata a Gida

Wata Laraba ce, ana tsaka da duba takardun jarrabawa. Mu huɗu ne zaune a ofishin wani abokin aikinmu, a jami'ar da nake koyarwa a nan Jos, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗaliba ce, tana cigiyar malamar da ke duba mata furojet, wato binciken kammala digiri. Aka ce mata Malama ta fita ɗauko yara. Yarinyar ta juya rai a ɓace. Ƙofar ba ta gama rufuwa ba mai ofishin ya ce, "Kun gani ko? Matan nan da an ɗaura aure an yi haihuwar fari, shi ke nan, ilimi ya tafi hutu. Sai dai ƙarshen wata a ji ƙarar shigar albashi."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, kuma dariyar nan ce ta hana ni sakat tun daga ranar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yana wannan magana yana buɗe kula. Shinkafa da wake ce, da yankakken kabeji da karas a gefe, har da cokali an naɗe shi a tsumma mai tsabta. Daga gida aka aiko da ita a keke, tana turiri. Rigar jikinsa ta sha guga. 'Ya'yansa huɗu, kuma a daidai wannan lokaci bai san ko an taso su daga makaranta ko ba a taso su ba. Babu ma abin da zai sa ya sani, akwai wadda ta sani.

Ga matsayina tun kafin mu yi nisa. Malamar jami'a mai aure ba ta fi mu lalaci ba, kuma aure bai rage mata kaifin ƙwaƙwalwa ba. Aikin nan namu an yanka shi ne daidai jikin mutumin da ke da mata a gida. Malami yana da ita. Malama ba ta da ita, domin ita ce matar. Sai a ɗauko mudu ɗaya a auna su biyun, a ce wai an yi adalci.

Kuma da bakin mai laifi nake magana. Kundin digirina na uku, rabinsa an rubuta shi ne da wata kalma da uwargidana take yawan faɗa wa yara: "Ku yi shiru, Babanku na karatu." Ban taɓa jin gidan da ake cewa "ku yi shiru, Mamanku na karatu" aka kuma yi shirun ba.

Abin da ake ƙirgawa

Wanda ba ya cikin aikin yana zaton lakcara aikinsa shiga aji ne kawai. Shiga aji shi ne mafi sauƙi. Tsanin aikin yana da matakai bakwai daga mataimakin malami mai digirin farko zuwa farfesa, kuma a yawancin jami'o'inmu sai ka yi shekara 3 a mataki kafin a dube ka. Ranar da za a dube ka ɗin, abin da ya fi nauyi a sikeli shi ne maƙalun da ka buga a mujallun ilimi. Babu digiri na uku, babu kai ga matakin babban lakcara. In ka doshi farfesa kuwa, rubuce-rubucenka ake tattarawa a aika wa masana na wasu jami'o'i su auna. Babu mai tambayarsu ɗalibai nawa ka rarrasa, ko dare nawa ka kwana a asibiti.

Ita kuwa maƙala ba a rubuta ta a tsaitsaye. Tana son mutum ya zauna awa uku, awa huɗu, babu mai kiran sunansa. Wannan zaman shi ne jarin aikin. Da rana ba a samunsa, saboda aji da ɗalibai da taro. Sai dare, sai Asabar, sai hutu. To dare da Asabar da hutun matar aure na wane ne?

Malamar da aka yi wa dariya ɗin nan, na taɓa karɓar wasu takardun jarrabawa daga hannunta domin in shigar da maki. A bangon ɗaya akwai busasshen tabon koko, a wani kuma an ja layi da jan biro daga sama har ƙasa, irin jan yaro ɗan shekara biyu. Ta ga ina kallo, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ƙarfe uku na dare nake duba su, shi kuma in ya farka ba ya yarda sai a cinyata." Watan Janairu ne. Wanda ya san sanyin Jos na wannan lokaci ya san mene ne tashi ƙarfe uku, babu wuta, da fitila mai caji a kan tebur da safa a ƙafa, yatsu sun ƙage ana neman riƙe biro. Ƙarfe biyar za ta ajiye ta ɗora ruwan wankan yara. In famfo bai kawo ba, ita ce za ta leƙa neman mai ruwa. Ƙarfe takwas tana gaban ɗalibai ɗari uku tana magana ba lasifika.

Takardun nan ta gama su a kan lokaci. Maƙalar da ta fara tun shekara biyu baya ita ce ba ta gama ba.

Akwai kuma wani aikin da muke tura musu a cikin makarantar ita kanta, ba tare da mun lura ba. Za a yi walimar sallamar wani farfesa, wa za a ba kula da abinci? Ɗaliba ta zo tana kuka, ciki ko matsalar gida ko wani malami ya matsa mata, ofishin wa za a nuna mata? Kwamitin walwala, kwamitin gaisuwar rasuwa, kula da ɗaliban ajin farko da ba su san gabas ba: "A ba Hajiya, ta fi mu haƙuri." "A ba Madam, uwa ce." Duk wannan aiki ne, kuma da a ce babu mai yin sa da sashe ya watse. Amma a takardar neman ƙarin girma, makinsa bai taka kara ya karya ba.

"Ai ita ta zaɓa, taura biyu ba ta taunuwa"

Wannan ce amsar da aka fi ba ni. Wai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tunda ta karɓi aikin gwamnati, ta yi shi yadda kowa ke yi, ko ta koma gida.

Na yarda da rabin maganar. Albashi amana ne. Amma mu ma fa taura biyun muke tauna, muna da aiki muna da iyali, sai dai an samu mai tauna mana ɗaya. Babu wanda ya taɓa ce wa namiji ya zaɓa tsakanin zama farfesa da zama uba.

Sannan ladan kuturun nan, wa ke ci? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gida nawa ne na ma'aikata a garin nan yake tsaye da albashi ɗaya? Kuɗin makarantar yara, gas, cefanen Farin Gada, kuɗin keke: a gidaje da yawa albashin Malama ne ke toshe waɗannan ramuka. Shari'a ta ce kuɗinta nata ne, amma a aikace ana cin su tare. To in albashinta ya shiga tukunya, me zai hana hannun maigida ya shiga aikin da ya hana ta barci? Mu ne muka ci ladan, askin kuma muka bar mata.

"Asalin wurin mace ɗakinta"

Masu wannan magana ina girmama su in sun tsaya a kanta har ƙarshe. Amma ba sa tsayawa. Mutumin da ke faɗin haka, ranar da matarsa za ta haihu, shi ne zai tsaya a bakin ɗakin haihuwa yana cewa shi likita mace yake so. Shi ne yake son 'yarsa ta samu malama mace mai duba mata furojet, domin ya san abin da ake gudu. To likita macen nan wa ya koyar da ita? Daga sama malamar take faɗowa da digirinta a hannu? Muna son inuwar, muna sare reshen.

Kuma in addinin ne, mu karanta shi duka. Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da aka tambaye ta abin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Hadisin yana cikin Bukhari. A Risala, wadda kusan duk wanda ya zauna a zauren karatu a ƙasar Hausa ya biya, an ce miji in yana da yalwa, wajibinsa ne ya samar wa matarsa mai yi mata hidima. Waɗannan wurare muna wuce su da sauri, kamar mai tsallake kwata. Babin biyayya kuwa mun haddace shi har da sharhi.

Abokan aikinmu mata Kiristoci ma ba su tsira ba. Wata ta taɓa lissafa mini makonta: ga aji, ga yara, ga taron zumuntar mata, ga koyon waƙa, ga Lahadi da take farawa tun asuba da girki. Ta ce in ta ƙi zuwa sau biyu, sai a fara cewa boko ya sa ta girman kai. Na ce mata ashe ciwon ɗaya ne, masallaci da coci.

"To ta ɗauko 'yar aiki mana"

Da sauƙin faɗa. Wacce 'yar aikin? Yawanci abin da ake nufi shi ne a aika ƙauye a ɗauko yarinya 'yar shekara 12, wadda ita ma kamata ya yi a ce tana aji. Wato mace ɗaya ta yi digiri na uku, a biya da karatun firamaren wata. Malamai mata da yawa wannan yana damunsu, kuma ya kamata ya dame su. Babbar mace mai hankali da za a bar wa jariri a tafi da kwanciyar rai, kuɗinta ba na ƙaramar lakcara ba ne. In an samu ma, dangin miji na nan da bakinsu: "Ɗanmu abincin 'yar aiki yake ci."

Kuma akwai abin da ba a wakilta shi. Uwar miji ta kwanta a asibiti, zaman jinya na wa? A asibitocinmu majinyaci ba ya zama shi kaɗai, sai da mai kwana, mai kai abinci, mai sayo magani. Ɗanta zai leƙo da yamma da ledar lemo, a sa masa albarka. Matar ɗan ce za ta kwana a tabarma, gobe kuma tana da aji. An yi rasuwa, maza mu yi jana'iza mu zauna awa ɗaya mu watse, ita sai an yi uku da ita, wani gidan har bakwai. Biki, suna, barka, dubiya. In ta ƙi zuwa, "ba ta da zumunci, 'yar boko ce." In ta je, "ba ta son aiki."

Mu a Jos muna da wani ƙarin nauyin da na wasu garuruwa ba za su gane shi sosai ba. Kana cikin aji sai ka ga ɗalibai sun fara duba waya suna kallon juna. An ce gari ba lafiya. Wataƙila jita-jita ce, wataƙila kafin la'asar an sa dokar hana fita, kamar yadda muka gani a watan Agustan 2021. A wannan minti, uwar da 'ya'yanta ke wata makaranta a can wani gefen gari, jikinta ne kawai a gaban allo. Na san mu ma iyaye maza hankalinmu na tashi. Amma lambar da makarantar yara take fara kira tata ce.

Jiki magayi

Wannan sashen ba zan ja shi ba, domin duk wanda ke da ido ya gani. Ku duba jakar malama 'yar shekara arba'in. Tsakanin alli da jan biro za ku samu maganin ciwon kai, da na gyambon ciki, wasu da na hawan jini. Rashin barci na shekara da shekaru ba ya tafiya a banza. Mutum ya fara mantuwa, ya fara faɗa a kan abin da bai kai ba, ya karanta shafi ɗaya sau uku bai shiga ba. Sai ɗalibai su ce Malama ta cika masifa, a gida a ce aiki ya canza ta. Mu kuma ba mu da al'adar cewa "na gaji" a wurin aiki, musamman mace, don ta san jira ake ta faɗa a ce, "Da ma mun faɗa."

Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 ya nuna mini wani abu. Daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, babu aji, babu albashi. Duk mun sha wuya. Amma da aka dawo, maza da yawa sun dawo da maƙala biyu, uku a hannu, domin lokacin da suke nema ne ya samu. Na tambayi wata abokiyar aiki ko ta samu ta ƙarasa babin da take kai. Ta yi murmushi ta ce, "Malam, ai da aka ji ana yajin aiki sai kowa ya ce tunda ina gida." An sallami mai taya ta aiki saboda babu kuɗin biya, an kawo mata 'ya'yan ƙanwar miji hutu, ta koma yin cincin da zoɓo tana kai wa shaguna. Bayan an dawo kuma aka matse zangon karatu don a cike giɓi, jarrabawa na bin jarrabawa, hutun shekara ya zama labari.

"Ai ga wance ta zama farfesa"

Gaskiya ne, kuma ina alfahari da su. Grace Alele-Williams ta shugabanci Jami'ar Benin, ta hau kujerar a 1985, mace ta farko da ta riƙe irin wannan kujera a Nijeriya. Farfesa Gambo Laraba Abdullahi ta shugabanci Jami'ar Abuja, Farfesa Fatima Batul Mukhtar ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse, Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i ta riƙe ma'aikatar ilimi ta ƙasa daga 2010 zuwa 2013. Kafin su duka akwai Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, matar aure mai 'ya'ya, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru da jajis ɗinta, wato matan da ta koyar, suna kai karatu ƙauyuka.

Sai dai yadda muke amfani da sunayen nan ne ban yarda da shi ba. Mun mai da su bulala. Mutum ɗaya ya haye kogi da iyo, sai a ce ashe ba a bukatar gada. Nana Asma'u ɗin ma, a gidan ilimi ta tashi, kuma mijinta Waziri Giɗaɗo malami ne marubuci, wanda ya san darajar abin da ke hannunta. Ni dai a iya zamana a wannan aiki, duk macen da na gani ta kai ƙololuwa, in ka zauna da ita za ka ji akwai wani a bayan labarin: uwa da ta riƙe mata yara shekara uku, ko yaya, ko miji da ya toshe kunnensa daga maganar mutane. Wadda ba ta samu irin wannan ba, tana nan a mataki ɗaya shekara goma, ɗalibanta na da sun zo sun wuce ta, tana ce musu "ranka ya daɗe" a taron sashe.

Dubi tafiya ƙaro karatu. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, yana ɗaukar nauyin malamai su yi digiri na biyu da na uku, yana kuma biyan kuɗin halartar tarukan ilimi. A takarda babu bambancin mace da namiji. Amma namiji in ya samu, jaka kawai zai haɗa, a raka shi tasha da addu'a. Mace in ta samu, sai an yi zaman gida: wa zai riƙe yara, me dangi za su ce, in ta dawo za ta tarar da amarya ko ba za ta tarar ba. Taron kwana uku a Ibadan ma sai ta yi lissafin kwanan otal da bakin mutane. Mu kuma a irin waɗannan tafiye-tafiye, da majalisar bayan isha'i, da zaman shan shayi, a nan ake cewa "zan sa sunanka a takardar nan, kai ma ka sa nawa." Ba da mugunta ake cire ta ba. Ba ta wurin ne kawai lokacin da ake rabon.

Inda masu ƙorafi suke da gaskiya

Ɗalibar nan da ta juya rai a ɓace tana da haƙƙi. Wataƙila daga Bukuru ta taso, ta kashe kuɗin mota biyu, babinta na uku ya yi wata guda a teburin Malama. Ba ita ta aurar da Malama ba, bai kamata ita ta biya ba. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai matan da suka mai da "yaro ba lafiya" katin fita, suna jawo wa sauran baƙin jini. Na san su, kowane sashe ya san nasa.

Amma laifi tudu ne. Malamin da ke koyarwa a jami'o'i uku a lokaci guda, ya bar ajinsa na nan mako biyu yana kan hanya, me muke ce masa? "Dakta mutum ne mai jama'a." Wanda ya tafi bin 'yan siyasa, "yana da hanya." Namiji in bai zo ba, sunansa ake kira, shi kaɗai. Mace in ba ta zo ba, sai a ce "matan nan."

Akwai kuma masu tsoron cewa so nake a sassauta wa mata ma'auni, a ba su farfesa da rabin maƙala. Allah ya kiyaye. Su kansu ba za su karɓa ba, don sun san gorin da zai biyo baya har ritaya. Ma'auni ya tsaya inda yake. Lokaci nake magana a kai.

Ga misali. A 2018 gwamnatin tarayya ta sanar da hutun haihuwa na mako 16. Likitoci kuma suna cewa a shayar da jariri nono zalla wata 6. Jihar Kaduna ta mai da nata wata 6 tun 2019, sama ba ta faɗo ba. To uwar da ta dawo aiki da jaririn wata huɗu, ina za ta ajiye shi? Harabar da take da wurin ajiye motoci ɗari da katafaren zauren taro, ɗaki biyu masu tsabta da mata uku masu kula da jarirai sun gagare ta? Na sha ganin jariri kwance a kan zani a bayan kabad ɗin fayil, wata ɗaliba tana jijjiga shi, uwar tana aji tana kallon agogo. Kuma hutun nan sau da yawa na baki ne: tana jego ana aiko mata da furojet gida, in ta dawo ta tarar an tara mata kwasa-kwasanta suna jira. Zangon farko bayan dawowa a rage mata kwas ɗaya, a raba wa irinmu. Watannin jego kuma kada a lissafa su cikin wa'adin gama digirinta.

Mu maza an ba mu namu hutun, kwana 14, tun da majalisar zartarwa ta amince da shi a 2021. Ina so in san mutum nawa ne a cikinmu suka yi shi a gida da tsumman jariri a hannu, nawa kuma suka ƙarasa maƙala da shi.

Sai wanda ko sisi ba ya ci: lokacin taro. Me ya sa taron tantance sakamako sai an kira shi ƙarfe biyu, a fara ƙarfe uku da rabi, a kai magariba ana gardama a kan abin da minti arba'in ya isa? Domin masu kiran taron babu mai jiransu a bakin ƙofar makarantar yara. Na zauna kusa da Malama a irin wannan taro, wayarta a kife a cinya tana ta kunnawa tana kashewa. Maigadin makarantar ne, yara sun rage su kaɗai. Ta tashi a hankali ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini izini." Shugaban taron bai ɗago ba ya ce, "Hajiya, kullum ke ce da uzuri." A rubuce, abin da ya shiga kundin taro shi ne ta fita kafin a tashi. Cewa an fara a makare da awa ɗaya da rabi bai shiga ba.

Amma kada in ɗora wa hukuma komai in wanke kaina. Babu dokar da majalisar jami'a za ta kafa ta shiga ɗakin girkin wani. 'Yan uwana mazajen malamai, da mu da muke auren ma'aikata kowane iri, abin da ake nema a wurinmu ba shi da yawa, nauyinsa a kai yake. Ka ɗauki kai yara makaranta da ɗauko su ya zama naka, ba taimako ba. Asabar ɗaya ka kwashe su ku tafi gidan kakarsu tun safe, ka bar ta da kwamfutarta da shiru. In baƙi sun zo ba sanarwa, ka aika a sayo masa ko gurasa, babu wanda ya taɓa mutuwa don bai ci tuwon hannun matar gida ba. In mahaifiyarka ce a asibiti, kai ma ka kwana. Za a ce ta shanye ka, za a kira ka mijin Hajiya. Ana faɗa wata biyu a gaji. Ranar da aka kira ta farfesa kuwa, kai ne za ka fi kowa baza babbar riga a layin gaba.

Mai kular nan bai san ya sa ni rubutu ba, kuma ba mugun mutum ba ne, yana cikin masu saurin kai gudummawa in abu ya samu wani. Bai taɓa lissafa awa nawa ke cikin kular nan ba ne kawai, kamar yadda ni ma ban taɓa ba. A shafin godiya na kundina, mai duba ni ya samu sakin layi guda, abokai sun samu rabin shafi, uwargida ta samu layi ɗaya a ƙarshe, "saboda haƙurinta."

Daren jiya da na kai nan, na ɗauki kwamfutar na same ta a ɗaki na karanta mata tun daga farko, ina jiran in ji ta ce madalla. Ta saurara har ƙarshe, autanmu na saɓe a kafaɗarta yana ta mutsu-mutsu. Sai ta ce, "Ya yi kyau, Malam. Awa nawa ka yi kana rubuta shi?"

Na ce kamar biyar.

Ta ce, "To karɓe shi, ko isha'i ban yi ba."